Yadda Ake Tsara Horon Tsaron Nukiliya a Wurin Aiki, Mataki Bayan Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta bakuna daban-daban. Wani yana aiki a sashen gashin cutar daji na asibiti, wani a kamfanin da ke ɗaukar hoton walda a jikin bututun mai, wata kuma a ɗakin binciken jami'a, sai a wayi gari a miƙa musu takarda cewa daga yau su ne masu kula da tsaron sinadarin radiyeshin da ke wurin, kuma su horar da sauran ma'aikata. Ta ina za su fara, me za su karanta, nawa abin zai ci? Wannan jagora tasu ce. Na fi mayar da hankali kan wuraren da ke riƙe da ƙwayoyin radiyeshin, wato ƙananan dunƙulen sinadari mai fitar da haskoki masu illa da ido ba ya gani, da aka rufe a cikin na'ura, domin su ne suka fi yawa a duniya, amma jerin matakan ɗaya ne ko da a tashar lantarki ta nukiliya.

Kafin komai, a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kariya ita ce kare mutane daga illar sinadarin. Tsaro shi ne kare sinadarin daga mutumin da ya zo da mugun nufi, ko don ya sace ko don ya lalata. Kana iya ƙwarewa a na farko shekara ashirin ba ka taɓa tambayar kanka wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiya ranar hutu ba.

1. Ka san abin da kake tsaro

Kada ka fara da kwas, fara da ƙafarka. Ɗauki rajistar da aka ba ka, ka shiga ɗaki ɗaki, ka ga kowace na'ura da idonka. A kan kowace ƙwaya ka rubuta sunan sinadarin, ƙarfinsa da ranar da aka auna shi, lambar da ke jikinta, inda take, da sunan duk wanda ke iya isa gare ta.

Daga nan ka gano rukuninta. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta kasa ƙwayoyin nan rukuni 5 gwargwadon haɗarinsu. Rukuni na 1 shi ne mafi haɗari, irin kobal-60 na injin gashin cutar daji da siziyam-137 na na'urar haska jini. Na 2 ya ƙunshi iridiyam-192 na ɗaukar hoton walda. Na 3 ya haɗa da ma'aunan masana'antu masu ƙarfi da ƙwayoyin da ake zurawa a rijiyar mai. Rukunin shi ke nuna matakin tsaro: A ga na 1, B ga na 2, C ga na 3. Littafi mai lamba 11-G a jerin littattafan tsaron nukiliya na hukumar ya bayyana abin da kowane mataki ke buƙata, kuma ana sauke shi kyauta.

Hattara a nan: ƙarfin sinadari yana raguwa da lokaci, amma ba da sauri ɗaya ba. Iridiyam-192 yana zubar da rabin ƙarfinsa cikin kwana 74, kobal-60 cikin shekara 5 da 'yan watanni, siziyam-137 sai ya kai kimanin shekara 30. Sannan idan ka tara ƙananan ƙwayoyi a ɗaki ɗaya, jimillarsu ake lissafawa, ɗakin yana iya haurawa rukuni na sama ba ka sani ba.

Hattara ta biyu, wadda ta fi damuna: ƙwayar da aka daina amfani da ita. Ita ce ake turawa lungu a manta. A shekarar 1987 a birnin Goiânia na Brazil, wasu masu tsintar ƙarafa sun shiga wani asibitin da aka ƙaurace wa, suka ɗauke kan injin gashi mai siziyam-137 suka fasa. Mutum 4 suka mutu, aka samu 249 da sinadarin ya taɓa, aka auna mutane kimanin 112,000. Ba ɗan ta'adda ba ne ya yi wannan, injin da ba mai kula da shi ne.

2. Ka nemi dokar ƙasarka

Littattafan IAEA shawara ce, abin da ke ɗaure ka shi ne dokar hukumar da ta ba ku lasisi. Rubuta musu takarda ka nemi abu uku: ƙa'idojin tsaron da suka shafi rukuninku, tsarin da suke so a rubuta kundin tsaro a kai, da bayanin irin barazanar da ake so ku shirya wa. Na ukun nan gwamnati ce ke fitar da shi tare da jami'an tsaro, ba kai za ka zauna ka ƙirƙira ba. Ka kuma karɓi lambar da ake kira idan wani abu ya ɓace, ka gwada ta da rana, ka gwada ta da dare.

Kundin tsaro kansa abin tsarewa ne. Kada ya shiga zauren WhatsApp na ma'aikata, kada a bar shi a kwamfutar da kowa ke hawa.

3. Kai ka fara zama ɗalibi

Ga jerin da nake ba da shawara, daga na kyauta zuwa na kuɗi.

Na farko, darussan intanet na IAEA. Za ka buɗe asusun NUCLEUS, wato rajistar shiga shafukan hukumar, ka shiga dandalin karatunsu, ba a biyan ko sisi. Akwai darasi kan kariyar gini da kaya, kan barazanar na cikin gida, kan sufuri, kan tsaron kwamfuta da bayanai, kuma da yawansu ana samu da Larabci da Faransanci ban da Ingilishi. Ka yi su a jere, ka ajiye takardar shaidar kowanne.

Na biyu, Cibiyar Tsaron Nukiliya ta Duniya, WINS, wadda aka kafa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2008. Zama mamba kyauta ne, kuma da shi kake samun jagororinsu na kyawawan hanyoyin aiki, waɗanda aka rubuta don mai aiki da hannu. A ƙarshen jagororin akan sa tambayoyin auna kai, ni a ganina su ne suka fi amfani, domin suna tilasta maka faɗin gaskiya game da wurinku. A 2014 suka buɗe makarantarsu mai ba da shaidar ƙwarewa. Ana yin darasin tushe, a zaɓi fanni ɗaya, kamar tsaron ƙwayoyin radiyeshin ko na sufuri, sannan a zauna jarrabawa ƙarƙashin sa ido. Wannan na kuɗi ne, amma suna ba da tallafin karatu, saboda haka ka nemi tallafin tukuna kafin ka kai wa shugabanninka takardar neman kuɗi. Shaidar kuma ba ta har abada ba ce, ana sabunta ta bayan shekara 3.

Na uku, horo na ido da ido. Akwai makarantar tsaron nukiliya ta mako biyu da IAEA ke yi tare da cibiyar binciken kimiyya ta ICTP a Trieste ta Italiya tun 2011. Akwai kuma cibiyar horo da gwaji da hukumar ta buɗe a Seibersdorf ta Ostiriya a watan Oktoban 2023, inda ake taɓa kyamarori da na'urorin ƙararrawa na gaske. Ƙasashe da dama suna da nasu cibiyoyin horo, ka tambayi hukumarku wadda ta fi kusa. 'Yan'uwa mata masu son digiri na biyu a fannin nukiliya su duba tallafin Marie Sklodowska-Curie da IAEA ta fara a 2020.

Kuskuren da ake yawan yi: mutum ya cike takardar kwas na IAEA shi kaɗai ya zauna jira. Yawancin kwasa-kwasan sai gwamnatin ƙasarka ta gabatar da sunanka. Ka san ofishin da ke wannan aikin tun kafin a yi sanarwa, domin takarda takan kwana a tebura har wa'adi ya wuce.

4. Raba ma'aikata gwargwadon aikinsu

Kada ka tara kowa a ɗaki ɗaya ka haska musu allo na awa uku. Mai gadi zai yi gyangyaɗi a wurin lissafi, likita zai fice a wurin bayanin sintiri. Zana tebur mai layi huɗu: wane ne, me ake so ya yi, me ya iya yanzu, me ya rage. Giɓin da ke tsakanin na biyu da na uku, shi ne darasinka. Wannan shi ne zuciyar tsarin horo da ake bi a harkar nukiliya: a binciki buƙata, a tsara, a haɗa kayan koyarwa, a koyar, a auna sakamako.

Mai gadi yana buƙatar ya san ƙofofin da ƙararrawarsu ba ta jira, da wanda zai kira, da kalmomin da zai faɗa. Mai sarrafa na'ura yana buƙatar ƙa'idar makulli da duba ƙwaya: kullum a mataki A, mako-mako a B, wata-wata a C. Masu shara da masu gyaran wuta da famfo suna buƙatar minti goma sha biyar kacal, su gane alamar radiyeshin mai fuka-fuki uku, su san ba a tokare ƙofar nan da bokiti. Su ake mantawa, alhali su ne ke cikin ginin a lokacin da kowa ya tafi gida.

Shugabanni ma a ba su nasu, ko da awa ɗaya ne. Wanda ke sa hannu a kasafi idan bai fahimci dalilin gyara kyamara cikin kwana biyu ba, za ta yi wata shida a mace.

5. Koya wa kowa lissafin mintuna

Idan abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga wannan jagora, to wannan ne. Tsaron wuri yana tsaye a kan ƙafa uku: a gano mai kutse, a jinkirta shi, a iso a tare shi. Dokar da ke haɗa su mai sauƙi ce. Lokacin da ɓarawo ke buƙata daga sa'ar da aka gano shi zuwa ya fice da kaya, dole ya fi lokacin da masu kai ɗauki ke buƙata su iso.

Bari in ba da misali da lambobin da na ɗauka don bayani kawai. A ce ƙararrawa ta yi ƙara, mai gadi ya ɗauki minti 2 yana duba kyamara don ya tabbatar mutum ne ba kyanwa ba. Ya ɗauki minti 1 yana kira. 'Yan sanda suka ɗauki minti 12 a hanya, da wasu minti 3 suna neman ɗakin a cikin gini. Jimilla minti 18. Idan ƙofofinku da kejin na'urar za su riƙe mai kutse minti 10 ne kawai, to duk abin da kuka kashe a kan kyamara ya zama ihu bayan hari, za ku dai sami hoton yadda aka tafi da kayanku.

Abu biyu ake koya daga nan. Na ɗaya, jinkirin da ya zo kafin ganowa ba a lissafa shi. Katanga mai kauri da ba ƙararrawa a jikinta, ɓarawo yana iya kwana yana huda ta. Saboda haka na'urar ganowa tana waje, shinge mai ƙarfi yana ciki kusa da ƙwayar. Na biyu, ƙararrawa ba ganowa ba ce sai mutum ya duba ya tabbatar. A watan Yulin 2012 wasu masu zanga-zanga su uku, ciki har da wata dattijuwa mai shekara 82, suka yanke shingaye a cibiyar Y-12 da ke Oak Ridge a Amurka, suka isa har jikin ginin da ake ajiyar yuraniyam mai ƙarfi. Binciken gwamnati ya nuna akwai kyamarorin da suka daɗe a lalace, kuma masu gadin da suka ji bugun guduma sun ɗauka ma'aikatan gyara ne. Wurin nan ba kuɗi ya rasa ba, ba bindiga ya rasa ba, mutanensa ne suka saba da ƙararrawar ƙarya har kunnensu ya mutu.

Ka ɗauki agogon auna lokaci ka yi wannan lissafi a wurinku, da dare, da kuma lokacin cunkoson hanya. Kada ka karɓi "ai ba za mu wuce minti biyar ba" daga bakin kowa.

6. Atisaye: a tebur, a ƙafa, sannan da masu kai ɗauki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da atisayen tebur, wanda ba ya cin komai sai taswirar gini da awa biyu. Zaunar da mai gadi, mai kula da kariya, shugaban sashe da wakilin 'yan sanda. Ka ce ƙarfe biyu na daren hutu ne, ƙararrawar ɗakin ajiya ta tashi, kai mai gadi me za ka yi? Ya amsa, sai ka ƙara masa: wayar shugaba a kashe take. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta duk inda aka yi shiru ana kallon juna. Wannan shirun shi ne abin da ka zo nema.

Na taɓa zama a irin wannan tebur inda komai ke tafiya daidai har aka zo kan makullin ƙofar baya. Mai gadi ya ce yana wurin mai kula da kaya, mai kula da kaya ya ce ya ba mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki tun watanni baya. Aka aika a duba, sai ga makullin rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakin janareta, inda duk mai wucewa zai iya miƙa hannu. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kowa sauƙin aiki ya nema.

Bayan tebur sai a taka da ƙafa, kowa ya yi abin da ya ce zai yi, ana auna lokaci. Na ƙarshe shi ne wanda masu kai ɗauki za su taso daga ofishinsu. Kafin ranar, ka zagaya da su ginin, ka koya musu abu uku na kare kai: rage lokaci kusa da ƙwaya, ƙara nisa, fakewa bayan abu mai kauri. Ɗan sandan da ke tsoron radiyeshin zai tsaya a bakin ƙofa, wanda bai san haɗarinsa ba kuma zai ɗauki ƙwaya da hannu.

Hattara: ba a atisaye da ƙwaya ta gaske, a yi amfani da kwaikwayo. Ba a kuma yin atisayen ba-zata a inda akwai masu ɗauke da makami. A sanar da shugabanninsu, a sa wa masu wasan kutse riga mai alama, a kuma yarda da kalmar da in an faɗe ta komai ya tsaya nan take.

7. Darasin na cikin gida

Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ke da katin shiga, ya san lokacin sintiri, ya san kyamarar da ba ta gani, ya fi ɓarawon waje haɗari nesa ba kusa ba. A watan Agustan 2014 wani ya buɗe bawul, wato makunnin bututu, a tashar nukiliya ta Doel 4 a Beljiyam, man da ke sa injin juyawa cikin santsi ya tsiyaye, injin ya lalace, tashar ta yi watanni a rufe. Bincike ya karkata ga cewa aikin na ciki ne. Littafi mai lamba 8-G na IAEA a kan wannan matsalar yake.

Abin da za a koyar: mutum biyu ke shiga wurin ƙwaya mai haɗari, ba ɗaya ba. Wanda ke riƙe makulli daban, wanda ke rubuta rajista daban. Ana tantance mutum kafin a ba shi izinin shiga, a kuma sake lokaci-lokaci. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar ake karɓe katinsa a canja lambobin sirri, ba ƙarshen wata ba.

Wannan darasi yana son lalama. Idan ka koyar da shi kamar kana zargin mutane, za su rufe baki, kuma bakinsu kake buƙata. Nuna musu cewa dokar mutum biyu tana wanke mai gaskiya ranar da abu ya ɓace. Ka kuma buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai rahoton ƙofar da babba ya bari a buɗe ba tare da an ci masa mutunci ba. Rahoton farko da aka kawo maka, yadda ka karɓe shi ne zai nuna ko za a kawo na biyu.

8. Kada a manta da hanya

Ƙwaya ta fi rauni sa'ad da take kan mota. A watan Disambar 2013 a Meziko, 'yan fashi sun ƙwace motar da ke ɗauke da kobal-60 na rukuni na 1 a wani gidan mai inda direban ya tsaya hutawa, aka tsinci ƙwayar bayan kwana biyu a gona an fitar da ita daga garkuwarta. Direba da mai rakiya su san wuraren tsayawa tun kafin a tashi, su san lokutan kiran ofis, kuma ranar tafiya da hanyar da za a bi su tsaya tsakanin waɗanda dole su sani. Masu ɗaukar hoton walda, ku wannan ya fi shafa, tunda na'urarku kullum a bayan mota take.

9. Rubuta, auna, maimaita

Takardar sa hannun halarta ba ta nuna an koya. Auna mutum da aiki: ga ƙararrawa, nuna mini. Buɗe wa kowa fayil mai ranar horo, abin da aka gwada shi a kai, sakamako, da ranar sabuntawa. Sabon ma'aikaci ba ya karɓar makulli sai ya gama nasa. Sau ɗaya a shekara a maimaita wa kowa, haka nan duk lokacin da aka canja na'ura, gini ko kamfanin gadi. Na ƙarshen nan a kula da shi sosai, domin kamfanonin gadi suna sauya mutane ba sanarwa, sai ka tarar wanda ka horar a watan jiya ba shi ne a bakin ƙofa yau ba. Sa shi cikin yarjejeniyar kwangila cewa ba a kawo sabon mai gadi sai an sanar da kai.

Game da kasafi, abin da ya fi cin kuɗi ba kwas ba ne, lokacin ma'aikata ne, da wanda zai riƙe aiki sa'ad da suke aji. Bayansa sai jarrabawar shaidar ƙwarewa ta mutum ɗaya ko biyu, da tafiya idan babu tallafi, da gyaran abin da atisaye ya tono. Ka ware wa gyaran nan kaso tun farko. Atisayen da ya gano lalatacciyar ƙofa aka bar ta yadda take, ya koya wa ma'aikata cewa maganar tsaro ta fatar baki ce.

Bayan shekara ɗaya, nemi idon waje. Littafi mai lamba 28-T na IAEA yana nuna yadda wuri zai auna ɗabi'ar tsaron ma'aikatansa da tambayoyi da hira da lura. Kana iya gayyatar takwaranka daga wani wuri mai irin na'urarku, da izinin hukuma, ya zagaya ya faɗi abin da ya gani. A matakin ƙasa kuma gwamnati tana iya gayyatar tawagar ƙwararru ta IAEA mai suna IPPAS, idan aka sa wurinku cikin waɗanda za su ziyarta, ku karɓa. Duk abin da aka gano a rubuta shi a layi ɗaya da sunan mai gyarawa da ranar gamawa, a kuma buɗe wannan takardar a farkon atisayen tebur na gaba kafin a shimfiɗa taswira.